Ni, Gwiwar Hagu da Garma

Litinin, 1 ga Satumba

Na koma fili. Wata goma sha ɗaya ke nan tun ranar da aka fitar da ni daga cikinsa a kafaɗar mutum biyu.

An aske ciyawar jiya, ƙamshinta har bakin get. Na tsuguna kamar ina ɗaure igiyar takalmi, alhali taɓa ta nake yi. Ina fatan ba wanda ya gani.

Koci ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Allura, an dawo? Zagaye biyar." Shi ke nan maraban. Mutumin nan ko daga kabari ka taso, zagaye biyar zai ce maka. Amma wallahi na ji daɗin jin sunan a bakinsa. A gida ba mai ce mini Allura, sai "sannu" da "yaya ƙafa".

Kwando, golanmu kuma abokin ɗakina, ya rungume ni har ya ɗaga ni sama, sai ya tuna, ya sauke ni a hankali kamar tiren ƙwai. Na ce masa in ya sake yi mini haka zan zura masa biyar kafin a tashi.

Garma yana nan. Ɗan bayanmu, wanda ya shigo mini a atisaye bara jijiyar gwiwata ta hagu ta tsinke. Ya ɗaga mini hannu daga nesa. Na kalli wani wajen.

Talata, 2 ga Satumba

Ko'ina ciwo yake a jikina, ban da gwiwar. Abin dariya.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na manta yadda rayuwar nan take cin mutum. Tashi biyar da rabi, fili ƙarfe shida, a tashi takwas, wanka a guje, lakca tara. Yau a ajin ƙididdiga na yi gyangyaɗi har biro ya ja mini layi daga saman shafi zuwa ƙasa. Malamar ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗan ƙwallo, wannan jadawalin me yake nunawa?" Na ce faɗuwar ɗalibi. Ajin ya kwashe da dariya, ita ma ta murmusa, amma ta ce in same ta da aikin ranar Litinin.

Na ci ƙwai huɗu da rabin burodi da safe, kafin sha biyu cikina yana kiran ciroma. Kwando ya ce tun da na dawo abincin ɗakinmu ya daina kwana.

Bayan atisaye kullum sai na biya ɗakin Anti Ƙanƙara, mai kula da raunukanmu. Ko ciwon kai ka kawo mata, ƙanƙara za ta ɗora maka, shi ya sa sunan ya bi ta. Ta lanƙwasa gwiwar, ta miƙe ta, ta danna gefen tabon aikin da babban yatsa. "Wannan ta fi ta daman ƙarfi yanzu," in ji ta. Na ce Allah ya sa. Ta ce ba addu'a take yi ba, labari take ba ni.

Asabar, 6 ga Satumba

Mun raba kai biyu mun buga. Minti na goma ƙwallo ta zo mini a tsakiya, na ga wata 'yar kafa tsakanin mutum biyu da ba ta fi faɗin takalmi ba, na soka ta. Ta wuce sumul. Har yanzu ina jin yadda ta bar ƙafata. Wani ya yi ihu, "Zare ya shiga!" Da a ce a nan aka tashi, da na kwana da farin ciki tsantsa.

Sai dai sau uku ƙwallo ta faɗo tsakanina da wani, sau ukun na janye ƙafa. Ba ni nake yanke shawarar ba. Kafin in yi tunani ƙafar ta riga ta koma gida.

Na ɗauka ba wanda ya lura. Da aka tashi na ga Koci yana rubutu a ɗan littafinsa yana kallona.

Lahadi, 7 ga Satumba

Wanki, barci, waya da Umma. Tambayarta ɗaya ce, ta yi ta sau huɗu ta hanyoyi daban-daban: ko ina ɗaure gwiwar? Na ce ina ɗaurewa. Ta ce in riƙa gudu a hankali. Na ce to, Umma. Yaya za a yi mata bayani?

Na jera safa goma sha huɗu a igiya, na zauna a inuwa ina kallonsu suna ɗiga. Bara war haka... a'a, bara war haka lafiyata ƙalau, ban san abin da ke tafe ba. Ko ma mene ne, yau na ji daɗin wanke safar da na ɓata da kaina. Wata da watanni ba ni da abin da zan ɓata.

Laraba, 10 ga Satumba

An liƙa sunayen wasan farko a ƙofar ɗakin canza kaya. Benci. Wani ɗan aji ɗaya ne a wurina, mai gudu kamar an sako shi daga baka. Ya iya, ba zan yi ƙarya ba.

Koci ya kira ni gefe. Bai iya kwana-kwana ba. "Ƙafarka ta warke, kanka ne da saura. Ba zan sa ɗan tsakiyar da ke ba mutane hanya ba. Wasa uku zan ba ka kana shigowa daga benci. In na ga abin da nake nema, wurinka naka ne. In ban gani ba, ka yi haƙuri sai baɗi." Na ce na ji, Koci.

Baɗi kuma ina ajin ƙarshe, ga aikin kammalawa. Shi ma ya sani.

Kwando ya ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, in ba kaina lokaci. Na ce an ba ni ai, wasa uku. Ya miƙo mini ayabarsa ta ƙarshe, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Kunnen doki, ɗaya da ɗaya, a gidanmu.

Minti goma sha biyu na samu. Goma sha biyu! Da alƙalin gefe ya ɗaga lambata na ruga cikin fili. 'Yan ajinmu suna bayan raga da gangar robar ruwa, suka kama "Al-lu-ra! Al-lu-ra!" Na taɓa ƙwallo sau tara, na ƙirga. Takwas sun je inda na aike su. Ban shiga ko ɗaya daga cikin rigingimun tsakiya ba, na dai yi ta shawagi a gefensu kamar mai raba faɗa.

Ƙwallon da aka ci mu, daga benci na gan ta da kyau. Ɗan gabansu ya taho da gudu, Garma ne a gabansa. Garman da na sani da tuni ya kwashe ƙwallo da mutum da ciyawar da ke ƙarƙashinsu. Wannan sai ja da baya yake, yana ja, yana ja, har ya kawo mutumin hancin Kwando. Koci ya jefar da hularsa ƙasa.

Ba ruwana. Na dai rubuta abin da na gani.

Da yamma mun je shan shayi mu shida, har yanzu da alamar safa a ƙwaurinmu. Kwando ya yi ta bayanin cewa rana ce ta shiga idonsa. An ce masa ai bayansa ranar take. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Litinin, 15 ga Satumba

Ina kwance a gadon Anti Ƙanƙara, ledar ƙanƙara a gwiwa, sai Garma ya leƙo. Yana ganina ya ce zai dawo anjima, ya ja ƙofa.

Anti ta ce, "Har yanzu?"

Na ce ba ni da abin da zan ce masa. Ba shigowar da ya yi mini ce ta tsaya mini a rai ba. Kwana tara na yi a asibiti. Koci ya zo, Kwando kusan can ya tare, har mai aske ciyawar fili ya zo da lemo. Shi ko leƙe.

Ta ɗauki bandeji tana naɗewa. Can ta ce, "Ya zo. A motata na kai shi, kwana biyu bayan aikin. Muna isa ƙofar ɗakinka ana motsa maka ƙafar, ya ji ihunka. Ya juya, ya koma wajen mota ya yi ta amai. Ya roƙe ni kada in faɗa maka, ni kuma na gaji da riƙon." Ta cire ledar ta goge ruwan. "Tun ranar bai sake shiga ƙafar kowa da zuciya ɗaya ba. Mutum biyu aka fitar mini daga fili ran nan, ɗaya kawai na iya yi wa magani."

Na ce waya fa? Wata goma sha ɗaya, ko saƙo?

Ta ce wannan kuma shi zan tambaya, ita ƙashi ta karanta.

Ba uzuri ba ne. Na maimaita wa kaina hakan har ɗaki.

Laraba, 17 ga Satumba

Gwajin ƙididdiga: sha huɗu cikin ashirin. Malama ta rubuta a gefe, "Jadawalin ya fara hawa."

Alhamis, 18 ga Satumba

Koci ya sa mu ɗaya da ɗaya, mai ƙwallo da mai ƙwacewa. Yana kiran sunaye bai ɗago kai ba: "Allura da Garma." Ba zan yarda cewa haɗuwa ce kawai ba, mutumin nan ko atishawa sai ya tsara ta.

Sau biyar na wuce shi. Ba don na iya ba. Yana tsayawa taki biyu daga gare ni, hannaye a baya, idonsa a kan gwiwata, ba a kan ƙwallo ba. Na biyar ɗin ma matsawa ya yi kamar mai ba babban mutum hanya a kasuwa.

'Yan aji ɗaya suka tafa mini. Na ji kamar in nutse. Gara a ƙwace a hannunka da a bar maka don tausayi.

Asabar, 20 ga Satumba

Wasan waje, awa uku a mota. Mun ci ɗaya da nema, kuma Kwando ya ture fanareti! Yanzu ba mai zaman lafiya a ɗakinmu. Ya ce daga yau a daina ce masa Kwando, a koma Randa, tunda ba ya yoyo. Kyaftin ya ce randa ma in ta tsufa tana tsatsa, a jira mako mai zuwa.

Rabin awa na buga. Filinsu busasshe ne, ƙwallo tana tsalle kamar kwaɗo. Na ba da ƙwallo biyu masu kyau. Sau ɗaya na tsaya na jira mutum ya zo, na sa ƙafa, amma rabin ƙafa. Ya wuce da ita. Koci ya dai buɗe littafin nan nasa.

Saura wasa ɗaya.

A hanyar dawowa aka yi ta waƙa ana buga kujeru, rana tana faɗuwa ta tagar hagu, motar tana warin man zafi da ɓawon lemo. Na jingina kai da gilashi na ce a raina, ko a nan abin ya tsaya, na gode wa Allah. Sai kuma na ce ƙarya nake, ban ƙoshi ba.

Garma a kujerar ƙarshe, shi kaɗai, bai yi waƙa ba.

Talata, 23 ga Satumba

Bari in rubuta wannan tun yana da zafi.

An tashi atisaye ƙarfe takwas, ba ni da lakca sai sha ɗaya, na tsaya ina buga ƙwallo a bango. Kowa ya watse. Ashe Garma yana zaune a benci yana kwance kariyar ƙwauri. Ban shirya ba. Da na shirya da ban yi ba.

Na ce, "Garma."

Ya ɗago kamar an kira shi a kotu. Kalmar farko ke nan da na ce masa tun bara.

Na ce, "Mayar da abin nan. Zo ka ƙwace."

Ya ce shi yana da aji. Na ce ajin ya jira. Ya taso, ya tsaya a gabana yadda ya yi ran Alhamis, taki biyu, hannaye a baya. Na wuce shi. Na dawo. Na sake wuce shi. A na uku raina ya ɓaci, na taka ƙwallo na tsaya.

"Kai gurgu ka ɗauke ni?"

"Ba haka ba ne."

"To mene ne? Ran Asabar zan shiga wasa, wani ƙato da bai san sunana ba zai zo ya ɗauke ni. Gara in san yau ko ƙafar nan za ta ɗauka. Kai ka karya ta, kai za ka gwada mini ita."

Ya ce, "In wani abu ya sake faruwa fa?" Muryarsa ba irin ta mai jikinsa ba. Na ce Anti tana ɗakinta, ƙanƙara ba ta ƙare ba.

Na koma baya, na taho da gudu sosai. Na ga ya sauke kafaɗa yadda yake yi da, na san ya taho da gaske, komai na jikina yana cewa janye, janye. Ban janye ba. Na kafa ta hagun.

Ƙarar kawai na ji. Sai ga ni a ƙasa, sama tana kallona, ciyawa a bakina, ƙwallo can wajen tutar kwana. Na kwanta ina jira ciwon ya zo. Na san shi, na san ta inda yake farawa. Na jira. Na lanƙwasa gwiwar. Na miƙe ta.

Ba komai. Ƙugu ne kawai ke zafi.

Garma yana durƙushe a kaina, fuskarsa ta yi fari fat, yana ta "Allura, Allura, yi magana." Ni kuma dariya ta kama ni, irin wadda ba ta tsayawa, har da hawaye. Ya ɗauka kuka ne, ya miƙe zai ruga kiran Anti, na riƙe masa safa. Na ce, "Sake."

Sau bakwai muka yi. Ya ƙwace huɗu, na wuce uku, kuma ukun nan nawa ne halak malak.

Muna zaune muna haki ya ce ya rubuta mini saƙo ya fi sau talatin, yana gogewa. "Me zan ce? Sannu?" Na ce ai da ka ce sannun. Ya ce, "Sannu." Na ce ta yi latti. Ya gyaɗa kai.

Na makara lakcar sha ɗaya.

Laraba, 24 ga Satumba

Ƙuguna ya yi shuɗi, faɗin tafin hannu. Anti ta duba ta ce, "Wannan aikin wanda na sani ne." Ta ɗora ƙanƙara tana 'yar waƙa.

Juma'a, 26 ga Satumba

Sunaye sun fito. Benci dai, amma Koci ya ce in shirya, bayan hutun rabin lokaci zan shiga. A atisayen jiya na kayar da kyaftin a kan wata ƙwallo da ba ta kowa ba, ya tashi yana zagina yana dariya. Littafin Koci bai fito daga aljihu ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Biyu da nema! Alhamdu lillahi.

Na shiga babu ci. Minti biyar da shigata ƙwallo ta faɗo tsakanina da lamba shidansu, wani mai wuya kamar turmi. Sai bayan na tashi da ita a ƙafata na tuna cewa ya kamata in ji tsoro. Na ɗaga kai, na ga ɗan aji ɗayan nan ya tsinke ta dama, don Koci ya mayar da shi gefe. Na soka masa. Ya ci. Ya taho da gudu ya ɗale bayana, nauyinsa duka a kan ƙafafuna, ban ce masa ya sauka ba.

Garma kuwa ya dawo da halinsa. Ɗan gabansu ya gwada shi sau biyu, daga nan ya koma neman ƙwallo can tsakiya inda ba kowa. Kusan ƙarshe mai wuyan turmi ya rama, ya tokare ni ta baya na faɗi. Kafin in juya Garma ya taho tun daga bakin ragarmu, ya sa ƙirji a ƙirjin mutumin. Katin gargaɗi. Koci ya yi ta masifa, wai wa ya aike shi. Ni ma na ce masa wauta ce, ina iya faɗana. Ya ce ya sani.

Bayan wasa Koci ya wuce ta gabana ya ce, "Litinin, ƙarfe shida. Kai za ka fara mako mai zuwa." Bai ko tsaya ba.

Kwando ya ce wasa biyu ba a ci shi ba, a kawo maganar Randa gaban kwamiti.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na makara da barci, na tashi jikina kamar an daka, raina fes.

Umma ta kira bayan azahar. Yayata ta nuna mata hoton wasan jiya da 'yan ajinmu suka sa a waya. Ta ce ta gan ni, na rame, in riƙa ci. Sai ta ce, "Yayarka ta ce dogon nan da ke tsaye kusa da kai shi ne wanda ya karya ka. Ashe ba a kore shi ba? Mugun yaro, ka yi nesa da shi."

Na ji bakina yana cewa, "Umma, ba mugu ba ne. Ƙwallo ya je ɗauka, ƙafata ce ta maƙale a ciyawa. Ko ni ne a wurinsa haka zan shiga."

Ta ce, "To. Kai ka sani." Muka koma maganar ramata.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko kaina. Ba wai na yafe ba ne, kada a yi saurin kai ni can. Gaskiyar abin da ya faru kawai na faɗa, tunda ita ba ta wurin.

Garma ya aiko saƙo ɗazu, wai ko ina da littafin ƙididdiga na aji biyu, zai sake jarrabawar. Ina da shi. Duk gefen shafukan rubutuna ne, ba lallai ya iya karantawa ba. Sai dai in na zauna na nuna masa.